Sandar da Datti Ya Sassaƙa wa Bahago

Duk wanda ya ci kasuwar Ajingi a shekarun nan na bayan samun mulkin kai, in dai ya taɓa neman ƙotar fartanya, to ya san Datti Masassaƙi na Kademi, kuma da wuya a ce sun rabu lafiya a haɗuwar farko. Dogo ne siriri, mai gajeren gemu da gajeren haƙuri. Yakan zauna a gindin wata tsamiya can ƙarshen layin maƙera, ya baje ƙotoci a gabansa, ga turmi biyu ko uku, ga taɓare, ga kujerun mata. Kana kai hannu kan ƙotar da ta yi maka kyau zai daka maka tsawa.

“Ajiye! Wa ya ce maka taka ce? Miƙo hannunka in gani.”

Zai kama tafin hannunka ya juya, ya duba inda kanta ta fito, ya ce ka miƙe tsaye, ya ce ka sunkuya kamar kana noma, a tsakiyar kasuwa, mutane suna ta dariya. Sannan ya zaro wata ƙota da ba ka ko kalle ta ba, ya ɗan rage mata da gizago, ya ce ka kama gabanka. Masu zuciya kan yi fushi su tafi wurin wani. Bayan damina ɗaya da ciwon baya sai ka gan su sun dawo suna sosa ƙeya. Datti ba ya yi musu maraba, ba ya kuma yi musu gori, hannu kawai zai ce su miƙo.

Sana'ar gado ce. Ubansa masassaƙi ne, kakansa ma haka, kuma a gidan nan na Kademi rumfar sassaƙa ta girmi ɗakunan kwana. Matarsa Hanne ta haifa masa 'ya'ya maza biyu. Babban, Badaru, tun yana ɗan shekara shida ya riƙe gizago yadda ake riƙe shi, babu wanda ya sha wahala a kansa. Ƙaramin, Abdulsalam, shi ne ya zo da abin da ba a shirya masa ba, domin bahago ne.

Hanne ta yi nata ƙoƙarin. Ta riƙa ɗaure masa hannun hagu da tsumma lokacin cin tuwo har ya koyi ci da dama, ya koyi karɓa da miƙawa da dama kamar 'ya'yan kowa. Amma jifa da sara da duk abin da ke son ƙarfi, hagun ce ke riga shi zuwa. Wata rana da hantsi, yana ɗan shekara bakwai, ya shiga rumfa babu kowa, ya ɗauki gizagon ubansa da hagu, ya kama saran wani guntun icen marke. Hanne ta sha faɗa daga baya cewa saran ya yi kyau, har ya fi na Badaru. Datti bai tsaya duba saran ba. Yana shigowa da wata ƙota a hannunsa, ita ya maka wa yaron a bayan hannu. Ƙaramin yatsa ya karye, mai ɗori ya ɗora, ya warke a karkace.

Datti yana da hujjarsa, kuma ya faɗe ta ga duk wanda ya tambaya. Ƙotar gizagon an karkata ta ne don hannun dama, bahago zai sare ƙafarsa, kuma a gidansu ba a taɓa yin bahagon masassaƙi ba. To, ka ji fa. Mutumin da ke sa dattijo ya sunkuya a kasuwa don ƙota ta dace da bayansa, bai taɓa zama ya sassaƙa wa ɗan cikinsa ƙotar gizago ta hagu ba, aikin da ba zai ci masa wuni ɗaya ba.

A shekarar 1962 yaron dagaci ya zaga gida gida, an ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya a kai shi makarantar boko a Gaya. A lokacin ba wanda ke ba da ɗan da yake ji da shi. Datti yana zaune a ƙofar gida da mutane, yaransa biyu suna tsaye a gefe. Ya nuna ƙaramin da haɓa.

“Ku ɗauki wancan. Ba shi da hannun sana'a.”

Yaron ya ji, kuma bai yi kuka ba. Aka kai shi Gaya gidan Kawu Inuwa, wan Hanne, ya zauna can ya yi firamare. Tun daga ranar nan Abdulsalam bai ƙara karɓar komai daga hannun ubansa ba. Ba rashin kunya ya yi ba, ko kaɗan. In ya zo hutu zai durƙusa ya yi gaisuwa har ƙasa, a aike shi ya je, a tafi gona ya bi. Amma fartanyar da zai yi noma da ita daga Gaya yake tahowa da ita, wata karkatacciya ta Kawu Inuwa wadda Datti ko kallonta ba ya son yi. Da ya ci jarrabawa a 1970 zai shiga kwalejin horon malamai da aka buɗe a bakin garin Gaya, Datti ya sassaƙa masa akushi mai murfi, ya miƙa masa. Yaron ya ce ya gode, a ajiye masa tukuna. Bayan ya tafi aka tarar da akushin a zaure inda aka ajiye shi.

Abin yana cin Datti, ci mai tsanani. Daga Ajingi har Balan babu gonar da ba a riƙe aikin hannunsa, sai ɗansa ne kaɗai ya ƙi. Ya san laifinsa ne, ya kuma san abin da ya kamata ya ce, amma bakinsa bai taɓa koyon ban haƙuri ba. Abin da yake so bai wuce ɗaya ba: yaron nan ya karɓi abu guda da ya sassaƙa, ya yi amfani da shi.

A kwalejin akwai wani wasa da wani malami Ba'indiye ya kawo kafin ya koma ƙasarsu, ɗalibai suna ce masa hoki, mutanen gari kuwa ƙwallon gora. Mutum goma sha ɗaya kowane ɓangare, kowa da sanda mai lanƙwasasshen kai, suna kora wata 'yar ƙwallo mai tauri zuwa raga. Malam Gwadabe, malamin wasanni, shi ya gaji 'yan wasan da sandunan. A 1973 aka tafi dogon hutu aka kulle sito. Da aka dawo aka buɗe, sai ga sanduna a jere yadda aka bar su, kyau kamar me. Malam Gwadabe ya ɗaga ta farko, ta ruguje a hannunsa. Gara ta cinye cikinsu tas, ta bar fenti. Ga shi saura mako uku a yi wasan ƙarshe na cin kofi da wata kwaleji ta birni, kuma a filin Gaya za a yi. Sanda ɗaya ce ta tsira, ta Abdulsalam, don shi ya tafi da tasa gidan kawunsa.

Ranar kasuwa Malam Gwadabe ya ɗaure sandar a bayan babur ya nufi Ajingi, ya tambayi tsamiyar Datti aka nuna masa. Bayan sun gaisa ya miƙa ta.

“Wannan wace irin ƙota ce ba rami?” in ji Datti.

Malam Gwadabe ya yi bayani, ya ce guda goma sha uku yake so, kafin mako uku.

“Ina masu riƙewar?”

“Suna makaranta, Malam Datti. Ai duk iri ɗaya za ka yi, kamar wannan.”

“To nemi wani. Ba na yi wa wanda ban ga hannunsa ba.”

Yana maganar yana juya sandar. Fuska ɗaya a shafe take sumul, ɗayar a kumbure, kuma da shafaffiyar ake dukan ƙwallo, wannan ko ba a faɗa masa ba ya gani. Sai ya bi mariƙin da yatsa, ya ga inda gumi ya ci zaren, ya ga inda aka fi matsawa. Ya ɗago kai.

“Mai wannan bahago ne.”

“Ikon Allah!” in ji Malam Gwadabe. “Ai ɗanka ne, Abdulsalam. Shi ne kyaftin ɗinmu, ba mu da kamarsa.”

“Shi ya turo ka wurina?”

Malam Gwadabe mutum ne mai gaskiya, irin gaskiyar da ba ta duba fuskar mutum. Ya ce a'a, mai gadin makaranta ne ya ba shi labari. Datti ya mayar masa da sandar, ya ce gobe zai zo.

Washegari ya hau jakinsa ya tafi Gaya. Aka jera masa samari sanye da gajeren wando, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana juya hannuwansu, yana sa su sunkuya, yana auna tsayinsu da karan dawa, yana yi wa kowane kara tsaga irin tasa. Suna ta ƙunshe dariya. Da ya zo kan na ƙarshe, Abdulsalam ya durƙusa ya gaishe shi, hannayensa biyu a baya.

“Ni ina da tawa, Baba.”

“To,” in ji Datti, ya wuce.

Bai tafi nan da nan ba. Ya tsaya a bakin fili ya kalli yadda suke juya 'yar sanda ɗaya a tsakaninsu suna gwaji. Ya ga ɗansa yana gudu, ya ga duk lokacin da ƙwallo ta faɗo ta hagunsa sai ya murɗe wuyan hannu ya kifa kan sandar kafin ya taɓa ta. Kowa haka yake yi, amma Datti ba kowa yake kallo ba. Abin da ya gani shi ne bahago da kayan aikin na dama, shekara huɗu yana fama, kuma babu wanda ya kula. Bai tambayi kowa komai ba. Me zai tambaya? A duniyarsa ba a taɓa jin an ce dole kayan aiki su zama iri ɗaya ga kowa ba. Malam Gwadabe shi ma bai ce komai ba, don bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai wanda zai yi tunanin juya sandar hoki ba.

Kwana uku shi da Badaru suna yawo a bakin fadama suna neman rassan marke masu lanƙwasa tun daga uwa, don Datti ya ce lanƙwasar da aka yi da wuta ba ta da alkawari. Suka sare, suka fere, suka rataye a saman murhu hayaƙi ya busar. Ya sassaƙa, ya kankare da fasasshiyar kwalba, ya shafe da man gyaɗa, ya naɗe mariƙin da robar cikin tayar keke. Goma sha uku suka tafi Gaya a bayan babur, kowace da tsagar mai ita. Sun fi na kanti nauyi, kuma ba su da kyan gani, amma samarin da suka gwada sai kowa ya ce tasa ta fi.

Ta goma sha huɗu ba wanda ya sa shi. Ita ya fi daɗewa a kai. Ya juya mata fuska, shafaffen gefen ya koma ɗaya ɓangaren, yadda bahago zai kora ƙwallo ta gefen da jikinsa ke so. Can ƙasan mariƙin, inda hannun hagu zai zauna, ya yi wani ɗan kwarmi a karkace, daidai kwanciyar ƙaramin yatsa. Ya naɗe ta da tsohon rawani.

Hanne ta ga abin da ake ciki, ta kuma tuna da akushi. “Malam, ko ka bari Badaru ya kai masa?”

“Ba Badaru ne ya sassaƙa ba.”

Ranar Asabar bayan la'asar filin ya cika. An share shi, an ja layuka da toka. 'Yan makaranta a gefe guda, mutanen gari a gefe guda, har da mai kalangu da ba wanda ya gayyace shi. 'Yan birni suka sauko daga babbar mota da fararen safa da sanduna masu sheƙi. Da suka hango na Gaya sai ɗaya ya ce, “Kai, noma za mu yi ne?” Suka fashe da dariya. Datti ya ji, bai ko juya ba.

Ya sami ɗansa a bakin layi yana ɗaure takalmi, ya miƙa masa ƙunshin. Abdulsalam ya kwance rawanin, sandar tana hannun uban. Ya dubi kanta, ya daɗe yana dubawa. Ya kai yatsa ya shafa ɗan kwarmin nan. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

“Na gode, Baba. Riƙe min tukuna.”

Datti ya san wannan amsar, ya taɓa jin ta. Ya ji kunya ta rufe shi a gaban jama'a ko da yake ba wanda ya lura. Ya nemi wuri a ƙasa kusa da layi ya zauna, ya ɗora sandar a kan gwiwoyinsa. Aka busa usur. Mutum goma na Gaya suna riƙe da aikinsa, na sha ɗayan yana riƙe da na kanti.

Wasan dai Datti bai gane kansa ba, sanduna yake kallo. 'Yan birni sun fi sauri, sun kuma fi iya miƙa wa juna, kafin minti goma sun jefa ɗaya a raga. Da ba don Maiwada mai tsaron gida ba, wanda ya riƙa tare ƙwallo da ƙafa da ƙirji da duk abin da Allah ya ba shi, da sun ƙara biyu. Sannu a hankali nauyin marke ya fara magana. In ɗan Gaya ya maka wa ƙwallo sai ta tafi tana kuka, 'yan birni suna ɗage ƙafa. Aka yi karo, sandar wani ɗan birni ta tsage, ta marke ko gezau. Dab da hutun rabin lokaci Abdulsalam ya yanke mutum biyu, ya tura wa wani ɗan Ajingi mai suna Bappa, shi kuwa ya rufe ido ya ɗirka. Ɗaya da ɗaya. Mai kalangu ya kama aikinsa.

Da aka dawo, wasa ya tsaya cak kamar an ɗaure shi. Nan a kai hari a tare, can a kai a tare. Maiwada ya faɗi ya tashi har gwiwarsa ta fashe. Sau biyu ƙwallon Abdulsalam tana dukan ƙarfen raga ta dawo, jama'a su ɗora hannu a ka. Malam Gwadabe yana ta kai da komowa a bakin layi, muryarsa ta dushe, yana duba agogo. Saura minti takwas, Abdulsalam da wani ƙaton ɗan birni suka kai wa ƙwallo sara tare. Aka ji ƙas! Kan sandar kanti ya yi tsalle gefe guda, aka bar shi da mariƙi.

Malam Gwadabe ya zaro ɗaya daga cikin sandunan ajiya ya ruga yana miƙa masa. Abdulsalam ya taho da gudu, ya wuce shi kamar bai gan shi ba, ya tsaya a gaban ubansa.

“Kawo, Baba.”

Datti ya miƙa. Yaron ya karɓa daga hannunsa, ya juya ya koma fili. Daga nesa sanda sanda ce, babu wanda ya ga bambanci.

Waɗanda suka kalli mintunan nan har suka tsufa suna ba da labarinsu. Da farko ya ɗan yi tuntuɓe da ita, ƙwallo ta kuɓuce masa sau ɗaya. Daga nan sai jikinsa ya gane. Kafaɗarsa ta saki, gudunsa ya canja, ya riƙa bi ta gefen da ba wanda ke tsammani. 'Yan birni su kai sanda dama, ƙwallo ta bi hagu. Ya wuce na farko, ya wuce na biyu, ƙaton nan ya zo da ƙarfinsa ya sami iska. Mai tsaron gidansu ya fito ya rufe gefen da aka koya masa rufewa. Abdulsalam ya ɗaga sandar ya sauke, ƙwallo ta shige ta ɗaya gefen har raga ta girgiza.

Wayyo, zo ka ga murna! 'Yan makaranta suka kwarara cikin fili, huluna a sama. Datti bai tashi daga inda yake zaune ba. Shekara goma sha ɗaya yana jiran abin nan, kuma daɗin da ya ji ya kusa fin ƙarfinsa.

Sai aka ga kyaftin ɗin 'yan birni ya ruga wurin alƙalin wasa yana nuni da hannu. Alƙalin wani gajeren mutum ne da aka turo daga Kano, ba ruwansa da kowa, da ɗan littafi a aljihun gaba. Ya busa usur, ya kira Abdulsalam, ya karɓi sandar, ya karɓi ta Bappa, ya haɗa su. Sai ga su suna kallon juna kamar takalmin dama da na hagu. Ya girgiza kai, ya ɗaga hannu ya soke cin.

Datti ya miƙe, ya taka layin toka ya shiga, abin da ba a yi, amma ba wanda ya iya tare shi.

“Me ya sami sandar? Ta tsage ne?”

“A'a, Baba,” in ji alƙalin cikin ladabi. “Sandarka ba ta da aibu. Doka ce ta hana. Ba a yin wasan nan da sandar hagu.”

“Yaron bahago ne.”

“Ko bahago ne, da ta dama zai yi. Haka muka tarar, ba a taɓa yi ba.”

Datti ya buɗe baki zai yi masa irin tsawar da ya saba, sai ya fasa. Ya gane maganar alƙalin. Tasa ce, ita ya faɗa wa mutanen Kademi a bakin rumfa ranar da mai ɗori ya zo. Wani daga cikin 'yan kallo ya ɗaga murya ya ce ai bara ma motoci gwamnati ta mayar da su hannun dama, bahago ya shiga uku a ƙasar nan. Wasu suka yi dariya. Datti ya karɓi sandarsa ya fita.

Aka ci gaba da wasa, Abdulsalam da sandar ajiya. Amma 'yan Gaya sun riga sun karaya, rabinsu ma harararsa suke yi maimakon su kalli ƙwallo. Saura minti ɗaya 'yan birni suka taho su uku, Maiwada ya tare ta farko, ta dawo ga wani, ya tura ta a hankali ta shige. Biyu da ɗaya. Aka tashi, kofi ya hau babbar mota ya tafi birni.

Malam Gwadabe ya tare kyaftin ɗinsa a gaban kowa. “Shekara huɗu kana wasan nan! Shekara huɗu! Na miƙo maka sanda ka wuce ni!” Bappa ya jefar da tasa ya zauna yana hawaye. Abdulsalam ya sunkuyar da kai, ya ce su yi haƙuri.

Datti kuwa ya kwance jakinsa a bakin ƙofar makaranta. Lissafinsa ɗaya ne: sau biyu ke nan yana kai wa hannun yaron nan itace, kuma duk biyun ɓarna ya yi. Ya ɗaure sandar a gefen jaki, ya kama hanya tun rana ba ta faɗi ba. Bai yi nisa ba ya ji gudu a bayansa.

“Baba, ina za ka kai min sandata?”

“Murhu.” Bai juyo ba. “Ban san an hana ba. Da na sani da ban kawo ba. Na jawo maka.”

“Ni na sani.”

Datti ya ja jaki ya tsaya. “Ka san me?”

“Na san an hana. Tun da na kwance rawanin na gani. Duk wanda ya yi wasan nan wata ɗaya ya sani.”

“To don me ka ɗauka, kai kuwa? Ga ta malaminku yana miƙo maka!”

Abdulsalam ya kwance igiyar da kansa, ya zare sandar, ya riƙe ta yadda ake riƙewa. Karkataccen yatsan ya faɗa cikin kwarmin ya zauna daram.

“Ina so in ji yadda take ne, sau ɗaya, kana kallo.” Ya dubi ubansa. “Ran nan ba ka auna hannuna ba.”

“Na san shi,” in ji Datti.

Yaron ya durƙusa ya yi masa sai da safe, ya koma makaranta da sandar a kafaɗa, inda mutum goma ke jiransa da fushi.

Abin bai tafi a banza ba. An cire shi daga kyaftin, Malam Gwadabe ya yi wata uku ba ya amsa gaisuwarsa, kwalejin kuma ba ta sake kaiwa wasan ƙarshe ba har aka daina hoki a can. Bappa har ya yi furfura in an ambaci ranar sai ya yi tsaki, kuma yana da gaskiyarsa. Sandunan marke goma sha ukun sun yi shekara shida ana wasa da su, gara ba ta taɓa ko ɗaya ba. Datti ya ci gaba da zama a gindin tsamiyarsa, hali bai canja ba, har ya rasu a 1979 Badaru ya gaji wurin.

Amma tun kafin nan, a farkon daminar 1975, an ga wani abu a kasuwar Ajingi. Abdulsalam ya gama kwaleji, an tura shi koyarwa a Balan, ya sami 'yar gona a bayan makaranta. Ranar kasuwa ya zo a kan keke, da farar riga da alƙalami a aljihu, ya jira manoma biyu da ke gabansa suka gama. Sannan ya tsuguna ya kai hannu kan wata ƙota.

“Ajiye!” in ji Datti. “Wa ya ce maka taka ce? Miƙo hannunka in gani.”

Ya miƙa na hagu. Datti ya kama, ya juya tafin, ya duba kanta, ya juya bayan. Maƙeran da ke kusa suna jira a sa malamin makaranta ya sunkuya su sami abin dariya. Ba a sa shi ba. Layi ya taru a bayansa, wani har ya fara gunaguni, tsoho yana nan riƙe da ƙaramin yatsan bai saki ba.